Gauraka a Ƙarshen Fadama

Baba ba ya gajiya da kallon tsuntsaye. Tun muna yara, hutunmu a gandun daji yake ƙarewa, mu sha tafiya har ƙafa ta kumbura. Bana ni kaɗai na raka shi. Hannunsa ya fara rawa, ko kofi sai ya tallafe da hannu biyu, kuma tun a mota ya yanke hukunci: in ya kasa ganin gauraka yau, ya bar kallon ke nan, madubin hangen nesansa ya zama abin wasan jikoki.

A kurmi bai sha wahala ba, don can kunne ke aiki.

"Cilakowa ce waccan," ya ce. "Surutu kamar gwaggonki."

Da muka fito fili, ga burtu yana takawa cikin ciyawa da ƙasaita, ko kallo ba mu ishe shi ba. A gindin dutse kuwa shaho ya yi ta shawagi a kanmu, Baba na yi masa kirari. Wallahi Baba burge ni yake yi.

Fadama ce ta tona asiri. Gauraka ba ta yarda a matso ta. Ma'aikacin gandun da ke yi mana jagora ya nuna wasu ɗigo biyu can ƙarshen ruwa. Baba ya ɗaga madubin, madubin ya hau kaɗawa. Ya sake, ya sake, sannan ya sauke.

"Na gani," ya ce.

"Me suke yi?" na tambaya.

"Suna tsaye."

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai, don yanzun nan ya raɗa min cewa rawa suke yi. Tausayin Baba ya kama ni.

Na sha gaban Baba, muna fuskantar juna, na ɗora gwiwoyin hannunsa a kafaɗuna.

"Sake gwadawa, Baba."

"Ke dai ba kya rabuwa da rigima."

Amma ya ɗaga. Na ji rawar hannun tana raguwa a jikina.

"Daina numfashi," ya ce.

"In mutu?"

"Bari sai sun tashi."

Can sai bakinsa ya buɗe. "Kai, kai, kai! Ga tukkun nan kamar zinariya. Namijin ya yi tsalle, ya buɗe fiffike, ya rusuna mata. Kina gani?"

Ina zan gani, na ba su baya? Fuskarsa kawai ke gabana, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin madubin, yana dariya.

"Ina gani, Baba," na ce.

"To, kar ki motsa."