Wata na Ɗari Uku da Sittin

A garejin Wendell Sorlie akwai wani tsohon allon zamiya na katako rataye a bango, wanda kakansa ya zo da shi daga Norway. Ba a hawansa. Aikinsa guda ne: duk watan da Wendell ya yi zamiya a kan ƙanƙara, sai ya zaro wuƙa ya yi wa allon tsaga ɗaya a gefe. Tsaga ɗari uku da hamsin da tara ke jikinsa, babu watan da aka tsallake. Idan ya samu na Oktoba, shekara talatin ta cika cif.

A garinmu masu ɗora wa kansu wannan wahala ba su kai goma ba, kuma dukkansu taurin kai ya yi musu yawa. Lokacin sanyi ba abin faɗa ba ne, kowane rago yana zamiya a Janairu. Inda ake gane namiji shi ne Agusta da Satumba da Oktoba, lokacin da duwatsu suka yi tsirara, sai mutum ya goya allunansa ya hau mil shida da ƙafa yana neman ɗan ragowar ƙanƙarar da rana ta manta da ita. Wendell kafinta ne, don haka ya yi wa abin ƙa'ida kamar yadda yake auna katako: juyi ashirin a jere, ba faɗuwa, ba tsayawa, kuma a gaban shaida. Shi ba ya ƙirga, ya ce mai zamiya idan ya sa hankalinsa a lissafi ƙafarsa ce za ta biya. Ƙirga aikin matarsa Ardis ne.

Ardis ta yi shekara talatin da biyu tana koyar da lissafi, kuma babu ɗalibin da ya taɓa samun rabin maki na tausayi a hannunta. A shekara ta goma sha ɗaya da fara tsagar nan, wata ranar Satumba, Wendell ya sauko yana haki yana murna, ta dube shi ta ce, “Sha tara.” Ya roƙa, ya yi fushi, ya ce ai rabin juyin ƙarshe ma juyi ne. Ko a jikinta. Haka ya sake goya alluna ya koma sama. Har yau yana ba da labarin a shagon kofi, da alfahari, don maganar Ardis ce ta sa tsagogin nan suke da daraja. Tsohuwar ƙanƙarar rani tauri gare ta kamar siminti, allo ba ya barin sawu a kanta, saboda haka abin da Ardis ta faɗa shi ne kaɗai hujja.

Wurin da suke zuwa a watannin wuya shi ne Kwarin Awaki. A can akwai wata doguwar ƙanƙara da ba ta narkewa, shimfiɗe tsakanin tsagaggen dutse da wani busasshen itace, suna kiranta Tabarma. Da Wendell yana saurayi sai ya yi juyi sittin a kanta bai kai ƙarshe ba. Kowace shekara tana naɗewa kaɗan kaɗan. A Satumban bana baƙa ce ƙirin da tokar gobarar daji, ya sauko a kanta da ƙyar, Ardis ta ce, “Ashirin da ɗaya,” ya sumbaci goshinta.

Sai Oktoba ta zo da zafin da ba mu taɓa gani ba. Wendell ya ƙi hawa, ya ce zai jira sabuwar dusar ƙanƙara ta rufe baƙar. Ya jira mako ɗaya, biyu, uku, kullum yana tsaye a ƙofar gareji yana hararar sama. Ranar talatin ga wata hadari ya zo, ya zuba dusar ƙanƙara a tsaunuka. Washegari, ranar ƙarshe, gari ya waye tas.

“Tsoho, likita ya ce me game da gwiwar nan?” Ardis ta tambaya suna ɗaure takalma a bayan mota, a bakin hanyar dajin.

“Ya ce in riƙa motsa ta.”

“Ya ce an yi mata aiki sau biyu, babu na uku. Ina wurin, kunnena biyu.”

“To, Malama, ki ba ni sifiri mu wuce.”

“Wata rana a kan dutsen nan za a tsince mu, tsofaffi biyu da sanwici a aljihu.”

“In dai kin ƙirga kafin nan, ba komai.”

Ta yi tsaki, ta miƙa masa filas ɗin kofi ya sa a jaka.

Hawan Kwarin Awaki ba wasa ba ne ko ga yaro. Mil biyu na farko cikin dogayen itatuwa ne, hanya tana kai da komowa a jikin gangare, ga gumaguman da suka faɗi sun tare ta, sai mutum ya haura ko ya rarrafa, allunan da ke bayansa suna maƙalewa a rassa. Bayan nan itatuwa su ƙare, a shiga filin manyan duwatsu. Yau sabuwar dusa ta rufe ramukan da ke tsakaninsu, kowane taku sai an fara soka sanda. Wendell yana da shekara sittin da huɗu, Ardis ta girme shi da ɗaya. Tun suna hira har suka koma jin numfashin juna. Gwiwarsa ta fara zugi tun daga rafi na biyu, ya haɗiye ƙwaya biyu a ɓoye, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Awa biyar da rabi suka yi.

Da suka leƙa kwarin, Wendell ya tsaya cak. Fari fat daga sama har ƙasa, babu sawun ko tsuntsu. Irin dusar nan ce mai laushi da masu zamiya ke kira gari, wadda mutum zai ɗiba a tafi ya hura ta tashi. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

Ardis ta taka gaba kaɗan ta soka sandarta. Ƙwas. Ta matsa ta sake sokawa. Ƙwas.

“Wendell, wannan bai kai tsawon hannuna ba. Duk haƙora ne a ƙasa.”

Haƙora suke ce wa duwatsun da dusar farko ke ɓoyewa. Kowace shekara suna cin wani, kuma ba baƙo suke ci ba, ɗan gari suke ci, wanda ya ƙosa.

“Nan gefe ne,” ya ce. “Tabarma tana can ƙarƙashi, daga tsagaggen dutse zuwa itacen. Ido rufe na san ta.”

“To mu je mu tona mu gani. Minti goma.”

“In tattake wurin kafin in sauko? Haba, Ardis. Shekara talatin ina jiran irin wannan Oktoba.”

“Tsoron abin da za ka gani kake yi.”

Gaskiya ta faɗa. Shebur yana cikin jakarsa, kuma da wani ne zai sauko da Wendell ne zai fara cewa a tona. Amma idan ya tona ya ga dutse, to an gama, sai ya juya gida da ƙafarsa ya tarar da allon kakansa yana jira. Ya gwammace kada ya sani. Ya bar ta a gindin busasshen itacen, inda take tsayawa kullum, ya zagaya ta gefe ya hau.

A sama ya ɗaura alluna, ya ɗaga mata sanda, ta ɗaga hannu. Ya tura.

Juyin farko ya ji kamar an cire masa shekara ashirin. Gari ya tashi ya bugi ƙirjinsa, babu ƙara sai wani ɗan shuu, gwiwar ma ta manta da ciwonta. Ya juya dama, ya juya hagu, yana dariya shi kaɗai. Sau ɗaya ya ji ƙasan allonsa ya karci wani abu, ya ce a ransa gefen Tabarma ne. Ya ƙara matsawa tsakiya, inda ya san ta fi kauri. Nan allon hagu ya daki dutse ya tsaya, jikinsa kuma bai tsaya ba. Ya ji ƙarar gwiwar kafin ya ji zafinta.

Sai da Ardis ta yi kusan minti goma tana kutsawa kafin ta iso. Ta same shi kwance a gefe, fuska duk dusa, ƙafar hagu ta kalli inda bai kamata ba. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance masa allon, ta cusa jakarta ƙarƙashin kansa, ta ciro na'urar kiran agaji ta danna.

“Nawa?” ya ce, haƙoransa suna haɗuwa.

“Yi shiru, kada ka motsa.”

“Ardis. Nawa?”

Ta gyara masa hula. “Ashirin. Ka cika kafin ka faɗi.”

Ya lumshe ido, wani sanyi ya ratsa zuciyarsa duk da azabar. Shekara talatin. To, gwiwa ta tafi, amma ta kai shi gaci tukuna. Ya buɗe ido don ya ga aikinsa na ƙarshe.

Gari ba kamar tsohuwar ƙanƙara ba ne, yana riƙe sawu. Ga shi nan a jikin gangaren, tun daga sama, lanƙwasa bayan lanƙwasa, tsaf kamar ɗinkin tela. Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama, ko ya yi kuskure. Goma sha huɗu.

Ardis ta ga inda yake kallo. Ta zauna a kan dusar kusa da shi.

“Ƙarfe nawa?” ya ce. “Da sauran rana. Ki ɗaure min ƙafar da sanduna, in na samu na hau...”

Ya yunƙura, duniya ta yi baƙi, ya koma ya kwanta yana nishi. Hannunsa ya nutse a ramin da faɗuwarsa ta tona. Ya laluba. Tsakuwa ce, da ɗan ruwa yana bin ƙarƙashinta. Ya ƙara turawa gefe, ya share dusar da hannun riga. Tsakuwa. A nan ne tsakiyar Tabarma, inda a da kaurinta ya fi tsayin gidansu. Babu ko gutsuren ƙanƙarar da za a jefa a kofi.

Iska ta fara kaɗawa daga yamma, wani sabon hadari yana haɗuwa a bayan tsauni, babba, irin wanda gobe zai rufe haƙoran nan duka har zuwa bazara.

“Malama,” ya ce a hankali. “Satumba fa?”

“Wendell, sha kofi.”

“Satumba nawa ne?”

Ta murɗa murfin filas ɗin, ta sake murɗe shi. “Sha bakwai.”

“Agusta?”

“Sha tara. Ka kusa.”

“Bara fa?”

“Bari haka nan.”

“Tun yaushe, Ardis?”

“Shekara uku ke nan Tabarma ba ta kai ashirin a Satumba,” ta ce. “Ko ka matse juyin yaya, tsawonta bai kai ba. Me kake so in ce maka? In ce koma sama? Ina ne saman? Na ga yadda kake tsayawa gaban allon nan da wuƙa, na kasa.”

Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin bai same shi ba. Baƙin ciki ne kawai, mai nauyi, ya zauna masa a ƙirji. Ya tuna sau nawa a shekara ukun nan ya ba da labarin sha tara a shagon kofi, tana zaune a gefensa tana juya cokali, kanta a ƙasa. Ashe yau ba komai ya zo cikawa ba. Ya ba da gwiwarsa ne a kan abin da ya riga ya yanke tun wata talatin da bakwai da suka wuce.

“Da kin faɗa min,” ya ce, “da yau muna gida.”

“Na sani,” ta ce. “Tun daga mota nake son faɗa.”

Ta cire babbar rigarta ta lulluɓe masa ƙafa. Can nesa suka fara jin ƙarar jirgi mai saukar ungulu yana bin kwarin. Ardis ta miƙe tana kaɗa jar jakarsa sama don a hango su. Wendell bai dubi jirgin ba. Yana kwance yana kallon sawunsa, iska tana cike lanƙwasar farko da gari, sannan ta biyu.