Leɓen Kapitan Meliton

A bikin taba na ƙauyensu da ke bakin kogin Kagayan, an kayar da Nana Prosing a gasar naɗin baƙar taba da ake kira maduro, abin da bai taɓa faruwa ba tun tana da haƙoran gaba. Wai Berting ne gwani! Berting da ko ganyen sama da na gindi bai iya rarrabewa ba.

Ba ta ko cire zanin aiki ba ta doshi rumfar alƙalai, riƙe da naɗi guda da ta zare daga teburin Berting.

"Kai Meliton!"

Mai unguwar, wanda shi ne shugaban alƙalan, ya gyara farar rigarsa. "Nana, a nan Kapitan ake ce mini."

"Ni na wanke maka gindi, Kapitan ɗin wa? Me ake nufi da maduro?"

"Baƙa mana. Tasa ta fi taki baƙi, kowa ya gani."

"Ji jahili mai takarda! Nunanne ake nufi. Haka Sifaniyawa suka ce wa kakata a rumbunsu. Ganyen sama ake bari ya sha rana, a tsibe shi ya yi gumi, a juya, a sake tsibewa, har wata shida. Shi wannan a watan jiya ya yi girbi."

Berting ya leƙo daga bayan mutane. "Hassada ce kawai, Nana."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Murya ta sassauta, har da murmushi, ta miƙa wa Meliton tabar.

"To ɗana, tsufa ne. Sha ta gwani a gabana, in ka yaba na haƙura."

Da ido kawai alƙalan suka yi hukunci, ba wanda ya ɗanɗana, don haka Meliton ya karɓa. Ya lashe bakin naɗin yadda aka saba, ya tauna, ya kunna, ya lumshe ido.

"Zaƙi!" in ji shi.

"Ai dole. Mazarƙwaila da kunkunniyar tukunya Berting ya shafa mata."

Matan da ke gaba suka fara tuntsirewa da dariya. Leɓensa ya yi baƙi ƙirin har haɓa. Ya goge da hannun riga, rigar ma ta samu rabonta. Berting kuwa tuni ya tuna yana da aiki a gona.

"Nana, ɗauki kyautar ki tafi," Meliton ya raɗa mata.

"A lasifika ka kayar da ni, a lasifika za ka tashe ni." Ta kama hannunsa da ke neman ruwa. "Kuma da bakin nan."