Ranar da Baba ya hau mota

Ina kan keken ɗinki, ina haɗa hannun wata rigar makaranta, sai Maman Biyu ta kira ni. Maƙwabciyarmu ce, ita ke duba min Baba idan na fito shago.

"Baba yana wajenki?" ta ce.

"Me zai kawo shi nan? Ai barci na bar shi yana yi."

"Na shiga kai masa ruwan zafi na tarar ƙofa a buɗe. Takalminsa ma ba ya nan."

Shekara biyu ke nan da Baba ya fara mantuwa. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya gaishe ni kamar baƙuwa. Tun da ya taɓa ɓacewa wuni guda, ƙanena Auta ya sayo mana waya biyu iri ɗaya, masu araha, ya haɗa su yadda tawa za ta riƙa nuna min inda ta Baba take. Ni kuma na ɗinke aljihu mai maɓalli a cikin kowace rigarsa, a nan wayar ke zama. Auta ya sa mata kukan zakara mai ƙarfi, wai don a ji daga nesa. Baba bai iya ɗauka ba. Idan ta yi kuka sai ya tsaya yana waige-waige.

Na duba tawa. Caji saura kashi goma sha huɗu, don tun safe babu wuta a layinmu. Na taɓa taswira, ta buɗe fari fat, ta rufe kanta. Na sake taɓawa. Sai ga saƙon nan da na saba turewa gefe kullum: waya ta cika, a share wasu abubuwa.

Na share hotunan ɗinkin da masu kawo aiki ke turo min, kusan ɗari. Ba ta buɗe ba. Na shiga wajen bidiyo. Wanda ya fi kowanne cin wuri shi ne na Umma, minti goma sha ɗaya, tana zaune bakin gado tana yi wa Auta faɗa a kan aski, tana dariya. Wata uku bayan ɗaukarsa ta rasu. Ban taɓa tura shi ko'ina ba, kullum ina cewa sai na sayi katin ajiya na waya. Na kalli hoton fuskarta ɗan mitsitsi, na danna, wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Taswira ta buɗe. Ɗigon da ke nuna inda Baba yake yana kan babban titi, kuma yana tafiya da saurin da ba na ƙafa ba.

Ko shago ban kulle ba, na tare mai babur.

"Ina zuwa, Hajiya?"

"Ban sani ba tukuna. Hau babban titi, zan riƙa faɗa maka."

Ya juyo ya kalle ni, ya ga fuskata, bai sake tambaya ba.

Rana ta take, gilashin wayar ya yi duhu, sai na cusa kaina da ita cikin mayafi kafin in ga ɗigon. Bayanta ya yi zafi kamar dutsen guga. Kashi tara. Na kira Baba, ta yi ta ƙara har ta katse. Kashi takwas. Auta ya kira, na katse shi. Ya sake kira, na sake katsewa, ina zaginsa a zuciya ba laifin komai.

"Ya wuce gada," na ce wa mai babur. "Ya yi dama."

"Dama ai tasha ce, Hajiya. Ta manyan motoci masu tafiya nesa."

Na sake duba wayar. Ɗigon ya tsaya cak, ƙarƙashinsa an rubuta minti shida da suka wuce. Na ja allon ƙasa don ya sabunta, amma daidai wurin ne gilashin ya tsage tun bara, ba ya jin yatsa sai an dage.

Tashar ta cika maƙil. Motoci jere-jere, masu lodi suna kiran fasinja, injuna suna ruri, kowane tsoho da na hango sanye da farar riga sai in ga kamar shi ne. Kashi uku. Na kira, na sauke wayar daga kunnena, na bi layin motocin ina kasa kunne ko zan ji zakara. Mota ta farko, ta biyu. A ta huɗu wayar ta yi ɗan motsi a hannuna ta mutu.

Mai babur ya biyo ni a baya, ashe bai tafi ba. Ya miƙo min tasa wayar.

"Faɗi lambar."

Na buɗe baki, na tsaya. Lambar mahaifina, ban haddace ba. Ta Auta ma haka. Duk suna cikin abin da ke hannuna.

Ya ja ni zuwa rumfar wani mai cajin waya a bakin ƙofar fita. Mutumin ya karɓa, ya juya ta, ya hura ramin cajin, ya jona.

"Irin wannan sai ta sha minti biyar kafin ta yarda ta tashi," ya ce. "Kada ki matsa mata, fushi take yi."

Na tsaya ina kallon baƙin gilashi. A gabana wata doguwar mota ta fita, fuskoki a kowace taga, ban iya tantance kowa ba. Wata ta biyo ta. Mai babur ya shiga tambayar masu lodi ko sun ga dattijo dogo mai farar hula, kowa ya ce dattawa ai da yawa. Alamar batir ta fito ja. Na danna, ta nuna sunan kamfani, ta tsaya a kansa kamar ta manta abin da ya kawo ta. Mota ta uku ta fita.

Da ta gama tashi, garin sauri na kira Maman Biyu bisa kuskure. Na katse, na kira Baba. Ƙara ɗaya, biyu, biyar.

"Salamu alaikum?" Muryar mace ce, da ƙugin inji a bayanta.

"Don Allah, baiwar Allah, wayar mahaifina ce. Yana kusa da ke?"

"Ga shi nan gefena. Tun ɗazu zakara ke cara a ƙirjinsa, shi kuma yana leƙa ƙarƙashin kujera. Na ce bari dai in duba."

"Ba shi da lafiya, bai san inda za shi ba. Kuna ina?"

"Yanzu muka fito tasha." Na ji ta ɗaga murya tana kiran direba, na ji direba yana cewa ba ya tsayawa a kan hanya, sai muryoyi da yawa suka taso masa a lokaci ɗaya. Ta dawo. "Gidan mai na farko bayan shataletale. Ki yi sauri, mutumin nan ba shi da haƙuri."

Na bar wayar a jone, na haye babur.

Mun same su a gefen titi. Matar, mai jiki, da jaka a kafaɗa, tana riƙe da hannun Baba, direba yana ta danna oda. Ko godiya ban gama ba ta koma ciki, motar ta tashi.

Baba ya dube ni sama da ƙasa. Hularsa ta karkace, leɓɓansa sun bushe.

"'Yar nan, kin sa motar ta tafi," ya ce. "Uwargidana zan je ɗaukowa, tana wajen yayarta. Ta ce kada in makara."

Na gyara masa hular. Na ce, "Ta aiko a faɗa maka sai gobe, Baba."

Ya dubi hanyar da motar ta bi. "To, ai da ta faɗa tun wuri."

Mai babur ya sayo ruwa, Baba ya shanye leda biyu a tsaye. Muka sa shi a tsakiya, na zagaye shi da hannuwana ta baya, na kama rigar mai babur da kyau.

"A hankali, malam," Baba ya ce masa. "Akwai mace a baya."