Tattabarun Douwe Ba Sa Cikin Ciniki

Tineke tana saukowa daga bene a zaune, tana jan jiki daga mataki zuwa mataki kamar yarinyar da ba ta fara tafiya ba, sai ta jiyo mijinta a kicin yana yi wa dillali karatu.

"Yuro dubu ɗari biyar. Ko sisi ba na ragewa."

"Ranka ya daɗe," in ji Jurre dillali, "na sha gaya maka, gidajen layin nan ba sa wuce ɗari huɗu."

"Gidajen layin nan ni na gina musu banɗaki?"

Tineke ta kai matakin ƙarshe, ta kama ƙarfen bango ta miƙe tana cije leɓe. Tun da ƙugunta ya lalace take kwana a falo a kan doguwar kujera, domin benen gidan a tsaye yake kamar tsani. Yau ma don za a zo ganin gida ne ta hau, ta ɓoye wandunan mijinta Douwe a ƙarƙashin gado.

Ta tura ƙofar kicin. Jurre yana zaune da kofin kofi, ƙamshin turarensa ya kashe na kek ɗin tuffar da ta gasa musamman don gidan ya yi ƙamshi. Douwe kuwa yana tsaye da rigar aikinsa mai kashin tattabaru a kafaɗa.

"Banɗakin da kake taƙama da shi," in ji ta, "shi ne wanda in ka buɗe ruwan zafi sanyi ke zuwa?"

"Sai ka san hannunsa."

"Shekara nawa ina wanka a ciki, har yau ban san hannunsa ba. Jurre, rubuta ɗari huɗu. In an taya ƙasa da haka ma ka kira ni, kada ka kira shi."

"Sunana yana kan takardar gidan nan, uwargida."

"Nawa ma yana kai, tsoho. Kuma ni ce ke hawa benen da ɗuwawu."

Jurre ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Tun farkon bazara yake shan wannan kofi da wannan faɗa. Hoton gidan ya daɗe a tagar ofishinsa har rana ta cinye launinsa, mutanen garinsu Sneek suna wucewa su karanta farashin su yi dariya. Ga shi masu wani sabon gini a bakin ruwa sun yi wa Tineke alkawarin wani sashe a hawan ƙasa, ɗaki biyu da falo, babu mataki ko ɗaya, amma sun ce in wata ya ƙare ba ta kawo kuɗi ba za su ba na bayanta.

A ganin Tineke duk girman kai ne. Tun da maƙwabcinsu Sybren ya sayar da nasa da tsada yake yawo yana ba da labari, Douwe ya rantse ba za a ce gidan Sybren, mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba, ya fi nasa daraja. Tattabarunsa kuwa, da ta tambaye shi yadda zai yi da su tun da sabon ginin ba a yarda da kiwo, kafaɗa ya ɗaga ya ce zai raba wa abokansa na ƙungiyar masu tseren tattabaru, ai tsuntsaye ne kawai.

"Matar da za ta zo yau daga Amsterdam take," in ji Jurre yana tashi. "Likitar haƙori ce, za ta buɗe asibiti a nan. Don Allah, Baba Douwe, ka bar ni in yi magana. Kai dai ka yi murmushi."

"Ka ce masa ya canza riga," in ji Tineke.

Bai canza ba.

Matar ta iso da hantsi cikin wata mota mai tafiya ba ƙara. Doguwa ce, sunanta Annelot, ta miƙa wa kowa hannu ta damƙe kamar mai shirin cire haƙori. Jurre ya fara zuba, yana nuna tagogi yana maganar haske da iska, sai Douwe ya tsoma baki.

"Rufin yana yoyo."

Jurre ya yi wata dariya marar gishiri. "Baba akwai barkwanci."

"In iska ta taso daga yamma sai an sa bokiti. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma yana tara ruwa, bara har kwaɗi muka samu. Sabon maƙwabcin yana koyon busa ƙaho."

"To amma kuɗin da kuka sa fa?" in ji Annelot.

"Kuɗin yana nan yadda yake."

Tineke ta ji kamar ta ɗauki farantin kek ɗin ta kifa masa a ka. Ta matsa kusa da shi ta ce ƙasa-ƙasa, "Wace irin kasuwa ce wannan? Ka ɓata kaya kuma ka tsawwala kuɗi? Ko dai kanka ya fara yoyo kamar rufin?"

"Gaskiya nake faɗa. Laifi ne?"

"Yau ka san gaskiya? Da ka zo neman aurena ai ce mini ka yi kana da jirgin ruwa."

Annelot ta hau sama da gudu kamar benen ba komai ba, ta buɗe wannan ta rufe wancan, ta sauko. Ta leƙa banɗaki ta ce wannan duk fasa shi za a yi, Douwe ya haɗe rai. Sannan ta tsaya a tsakiyar falo ta dubi agogonta.

"Na saya."



"A nawa?" in ji Jurre.

"A kuɗin da kuka sa. A Amsterdam wannan kuɗin ko ɗakin ajiye keke mai taga ba zai saya mini ba."

Abin nema ya samu. Jurre ya fara lalubar alƙalami a aljihu, yana lissafin la'adarsa a fuska. Tineke ta nemi kujera ta zauna. Ta juya za ta ce wa mijinta, to, ka ci, yau sai ka je ka toshe wa Sybren baki, sai ta ga fuskarsa. Fari fat ya yi kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa.

"Albarka," in ji Douwe.

"Me ka ce?"

"Na ce albarka. In har ta yarda da sauri haka, ke nan na yi arha. Ɗari shida."

"Baba!" in ji Jurre.

Douwe bai tsaya ba, ya buɗe ƙofar baya ya fice lambu.

Tineke ta daɗe tana kallon ƙofar. Ruwa ba ya tsami banza. Ta ce wa baƙuwar ta ci kek, ta ɗauki sandarta ta bi shi.

Lambun dogo ne siriri, shingen ganye hagu da dama, can ƙarshensa ɗakin tattabaru na katako da wata ƙaramar ƙofa mai fita lungun baya. Ta same shi a ciki, ya riƙe wata shuɗiyar tattabara a tafin hannu yana buɗe fukafikinta kamar mai duba wani ciwo, alhali lafiyarta lau.

"Douwe."

"Wannan daga Faransa ta dawo cikin hadari," in ji shi, bai ɗago ba. "Sauran duk suka ɓata, ita ta dawo. Kin san in na ba wani ita abin da zai faru? Ranar da ya buɗe mata, nan za ta zo. Ta tarar an rushe ɗakin an dasa furanni, ta zauna a kan rufi tana jira. Tsofaffin ba sa koyon sabon gida. Duk wanda na ba, ko ya kulle su har su mutu, ko ya murɗe musu wuya."

"Ka ce mini tsuntsaye ne kawai."

"To me zan ce? Kina jan jiki a bene, in ce ki ƙara haƙuri saboda tattabaru?"

"Sai ka gwammace ka sa wa gida kuɗin da ba mai saye, ka bar ni ina kwana a kujera ina zagin Sybren, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba."

"Ai shi ma ya cancanci zagin."

Ta so ta yi fushi, fushin ya ƙi zuwa yadda take so. Tana cikin neman kalmar da za ta fi yi masa zafi sai suka ji takun takalmi. Annelot ce ta biyo su da yankan kek a hannu, Jurre yana bayanta yana tsallake kashin tsuntsaye. Ta tsaya ta dubi tsawon lambun, ta dubi shingen, ta yamutsa fuska.

"Wannan dajin duk na gidan ne? Wa ke aske shi?"

"Ni," in ji Douwe.

"Ni ko furen tukunya aka ba ni sati ɗaya yake yi. Sai dai in sa a zuba siminti."

Tineke ta dubi ƙofar lungu, ta dubi mijinta, ta dubi matar.

"'Yar nan, tattabaru suna damunki?"

"Daga safe har yamma ina cikin bakin mutane. In ba za su shigo mini ɗaki ba, ina ruwana da su?"

"To ga mai aske miki shinge. Ki bar masa ɗakin nan da makullin ƙofar baya, ba zai taka cikin gidanki ba. Sabon gidanmu nan kusa ne, da keke zai zo. Ya yanke ciyawa, ya gyara shinge, in kin yi tafiya ya duba miki gida. Abu ɗaya dai, kada ki bari ya taɓa miki famfo."

Annelot ta tauna kek ɗinta tana tunani. "A rubuce, gaban lauya. Ranar da ya daina aske shingen, ranar tsuntsayen za su tashi."

"A rubuce," in ji Douwe da sauri. Jini ya dawo masa fuska. Ya saki tattabarar ya goge hannu a riga. "Kuma ki ji, gaskiya gidan bai kai ɗari biyar ba. Dillali ma ya faɗa. Ki ba da ɗari huɗu."

Jurre ya dafe ƙirji.

"Ga rufin kuma," in ji Douwe. "A cire kuɗin rufi. Da ɗakin ƙasa..."

"Rufe mini baki!" in ji Tineke. Ta buga sandarta a ƙasa har tattabaru suka tashi fir. "Ɗari biyar ta ce, kowa ya ji da kunnensa."

"Ke ba ke ce ke cewa ko ƙasa da ɗari huɗu a sallama ba?"

"Da ba mai saye na faɗa. Yanzu ga mai saye, za ka yi mata kyautar gidana saboda kaji masu tashi?"

"Tattabaru ne!"

"Rufin lafiyarsa ƙalau, 'yar nan, bokiti ɗaya ne tak. Kwaɗin ma ba su fi biyu ba."

Annelot ta dubi dillali. "Kullum haka suke?"

"Yau ma da sauƙi," in ji Jurre.

Aka koma kicin aka sake ɗora kofi. Ciniki ya koma tsakanin mata biyu, Douwe yana gefe yana taya mai saye. Duk lokacin da Tineke ta kafe, sai ya tuno wani aibun gidan, har da ɓeran da ya mutu a bayan murhu tun yaransu suna ƙanana. Daga ƙarshe aka tsaya a ɗari huɗu da sittin, aka sha hannu. Jurre ya fita yana share gumi, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin mai gida ya yi wa mai saye dillanci ba.

Da motar ta bar layin, Tineke ta zauna a kicin tana tattara ɓarɓashin kek da yatsa.

"Dubu arba'in ka jawo mana asara."

"Dubu sittin na jawo miki riba. Da an bi taki fa?"

Abin haushin shi ne lissafin nasa daidai ne.

"Kullum za ka riƙa zuwa?"

"Kullum mana. Da sassafe in ba su abinci, in share ɗaki, in sake su su sha iska. Sai azahar in dawo. Da yamma kuma in koma in rufe su. Ranar tsere kam wuni zan yi." Ya dube ta da damuwa. "Zaman kaɗaici zai dame ki ko? In kina so in rage..."

Tineke ta hango sabon falon, taga tana kallon ruwa, rediyo a tashar da take so, babu wanda ke bin ta ɗaki-ɗaki yana tambayar inda ta ajiye masa tabarau, babu wanda zai ɗauki guduma ya ce bari ya ɗan gyara wani abu.

"A'a," in ji ta, ta tura masa yankan kek na ƙarshe. "Kada ka rage komai. Tsuntsayen nan amana ne."