Yatsun Iliyasu

Alhusaini ya sa ƙafa ya ture akushin ƙanensa daga wurin da maza ke cin tuwo a ƙofar gida.

"Na hwaɗa maka, hannun ga bai shiga abincin mutane. Tahi can bayan rumbu."

Iliyasu ya ɗauki akushin ya nufi bayan rumbu. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a Madawa, inda nake koyarwa a lakwal, makarantar boko, ana ce mini Mushe, wato malam, sai na bi shi.

Yatsun damansa sun tsattsage, faratan sun zube. Gari ya yanke cewa kuturta ce. Wanzami ya daina yi masa aski, aka hana shi taɓa guga. Lokotoro, likitan Nasara, ya duba ya ce ba ita ba ce, Alhusaini ya ce Nasara na rufa wa yaronsa asiri.

Da ya gama soja a Faransa, Iliyasu ya yi aikin hannu a ɗakin gwajin wasu masana, ya dawo gab da yaƙin Jamus. Ranar nan na tambaye shi aikin. Ya ɗauko wata albasa ya raba ta biyu.

"Mushe, ƙarhe in ka bi shi hal iyakar ƙanƙanta, awa albasa yake, ɓawo bisa ɓawo. Akwai wani gari da suka ɓoye cikin darma, shina tohin ƙwayoyi masu nauyi da ido bai gani. Mu auna su ga hwallen jan ƙarhe. Galibi su wuce. Wata kan kai hal ɓawon ciki, ta hidda abin da ke nan." Ya ƙwaƙule tsakiyar albasar. "Sai na waje shi hwaɗo shi cike gurbin, wani haske shi hito, gilashin hoto kaɗai ke kama shi. Ni ke ɗaukar garin, da yatsun ga."

"Ka gaya wa yayanka?"

"Ya ce garin da ke tohi aljani ne."

Ya ɗora albasar a kan katanga, ya ci tuwonsa.

Bayan girbi jikinsa ya ɗashe, dasashinsa na jini. Ya rasu wata safiya ta ranar kasuwa.

Alhusaini ya tsaya a tsakar gida. "Ba mai taɓa shi. A kwarara mai ruwa daga ƙohwa, a kai shi bayan dutse."

"Ɗan'uwanka ne," na ce. "A wanke shi, a sa shi cikin mutane."

"Kai baƙo ne, Mushe. Koma ga allonka."

Liman ya dubi ƙasa. Ni kuwa ban iya wankan gawa ba.

Bubakar, Bafillacen da ke kiwon shanun unguwa, ya jingine sandarsa.

"Na sha hura ƙwarya ɗaya da shi, Alhusaini. Ƙirga yatsuna."

"In ka shiga, ka bar shanuna yau."

"Sun san hanyar gida."

Ya naɗe hannun riga ya shiga. Ina zuba ruwa, yana wanke yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Da muka fito da shi cikin likkafani, liman ya miƙe ya shige gaba. Sahun gajere ne, amma a makabartar gari aka sa shi.

Da muka dawo, Alhusaini ya riga ya ƙone tabarmar Iliyasu da akushinsa. Bai lura da katanga ba. Albasar tana nan ta bushe, tururuwa na shiga ramin tsakiyarta.