Ranar da Reza Ya Yi Yabo

A zauren da Kafinta yake ciki, yabo haramun ne. Ba zauren gini nake nufi ba, na waya ne, inda wasu bayin Allah da ba su taɓa haɗa ido ba suke tura wa juna waƙoƙin da suka ɗauka a ɗakunansu. Babu wanda ke cin abinci da waƙa a cikinsu, kuma in ka ji wasunsu za ka ce gara haka. Akwai malamar lissafi mai buga piyano, akwai ɗan tasi mai murya irin ta ƙofar da ta manta da mai, sannan akwai wani mai kantin magani da ake ce wa Reza. Shi ya kafa zauren, shi ya kafa dokar. In mutum ya turo waƙa, kada wanda ya kuskura ya ce ta yi kyau. Ka nemo mata aibi, ka faɗa da bakinka a saƙon murya, in kuma karin waƙar ne ya kauce, ka rera yadda aka yi, ka rera yadda ya kamata. "Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba," in ji Reza. "Mai son tafi ya je wurin mahaifiyarsa."

Kafinta ya sha saran Reza, ya kuma gode. Yini yake yi a shago tsakanin zarton lantarki da injin goge katako, ƙara na shiga ta wannan kunnen tana fita ta wancan, ga garin katako har cikin gashin ido. Amma ranar hutu, da an ci na rana, sai ya shige siton gidansu. Da ƙyar ya ƙwaci siton nan daga hannun matarsa. Ya fitar mata da robobi da tsofaffin tukwane, ya manne bango da kwalin ƙwai, ya jingina tsohuwar katifa a bayan ƙofa, ya rataye makirufo a jikin ƙusa. A nan yake zama da jitarsa, gwiwoyi na taɓa bango, gumi na tsiyaya, yana ji kamar ya mallaki duniya.

Waƙa ɗaya ce ta ci masa rai, waƙar ƙofofi. A kan ƙofofin da ya ƙera wa manyan gidaje ya yi ta, waɗanda da ya ɗaura su shi ke nan, ba a ƙara buɗe masa su. Lokacin da ya fara tura ta zaure, Reza ya yi mata kaca-kaca, ya ce amshin ya yi tsawo, jitar kuma tana gudu kamar an biyo ta. Sai a ƙarshen saƙon ya ja numfashi ya ce, "Waƙar nan ta fi ƙarfinka, Kafinta. Kada ka sake ta." Wallahi ranar bai taka ƙasa ba. Ya yi ta maimaita wa matarsa saƙon har ta ce, "Baban yara, mutum ya zage ka kana murna, anya lafiya?"

To, tun daga nan yake gyara ta yana turawa, ana sara yana gyarawa. Haka ake tafiya lafiya lau, har ranar da malamar lissafi ta ce akwai wani siririn fito a bayan waƙar, tsiii, tun daga farko har ƙarshe, ƙila cajar waya ce a kusa da makirufo. Ɗan tasi ya ce shi ma ya ji, har haƙoransa sun yi tsami. Kafinta ya sa abin ji a kunne, ya ƙure ƙara, ya saurara, ya sake saurara. Tsit. Ya ce a ransa wayoyinsu ne suka tsufa. Ya kira matarsa don ta zama shaida, tana sa abin a kunne ta fizge shi tana yamutsa fuska.

"Wannan kukan gyare fa? Kai ba ka ji?"

Ya ce ya ji mana, gwada ta yake yi.

Jiki magayi. Ya daɗe yana cewa yara sun koyi magana ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana ƙara muryar rediyo ana ragewa a bayansa. A shago sai an dafa kafaɗarsa yake waiwayowa. Duk wannan bai dame shi ba, don ana iya rayuwa da "me ka ce?" Abin da ya tsorata shi zaure ne. Waƙar ta fara yi masa dishi-dishi a kunne, sai ya riƙa ƙara mata kaifi a kwamfuta har ta fito masa sarai. Ya tura. Reza ya ce, "Kafinta, waƙa ka turo ko kankarar gindin tukunya?" Ya rage, ya tura. Malamar lissafi ta ce a baiti na biyu muryarsa ta rabu da jitar, kowa ya kama gabansa. Wannan aibin kuwa ba a taɓa kama shi da shi ba, ko a farkon zuwansa.

Matarsa ce ta ja shi asibiti, yana tirjewa kamar akuyar da aka nufi kasuwa da ita. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗora masa abin ji, aka ce duk sa'ad da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ta cikin gilashi yana ganin likita na danna abu yana kallonsa, shi kuma hannunsa na kan cinya. Da suka fito likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ƙarar injin ta cinye jijiyar ji, kunnen dama ya kusa tafiya, na hagu na biye. Abin da ya tafi ba ya dawowa. In ya bar shagon ƙila ragowar ta jima.

Ya bar shagon ya ci me? Washegari ya cusa auduga a kunne ya koma gaban zarto.

Bai gaya wa zaure ba, ta ciki na ciki. Lissafinsa mai sauƙi ne: in nasa kunnen ya mutu, ai yana da na aro. Mutanen nan ba su iya ƙarya ba, doka ma ta hana su. Su za su riƙa ce masa nan ka hau, nan ka sauka, shi kuma ya bi da hannu, yadda yake gane katako ya goge ko da ido a rufe. Da haka zai gama waƙar ƙofofi kafin ɗaya kunnen ya rufe. Abin da yake roƙon Allah ke nan, ba ƙari.

Sai dai aikin ya zama azaba. Ya ɗauka, ya tura, a sare shi, ya kafa wayar a kunnen hagu yana tsintar kalmomi ɗaya-ɗaya. Wani yammaci matarsa ta leƙo siton ta tarar ya kifa goshi a kan jita, saƙon Reza na ta zuba daga wayar, ana jin sa har tsakar gida: "Ka koma baya, Kafinta. Wanda ya fara jiya ya fi ka. Ina ka kai kunnenka?" Ta tsaya, ta ja ƙofar a hankali ta koma. Shi bai ma san ta zo ba.

Ranar hutun da ta biyo baya ya ba waƙar duk abin da yake da shi. Ya ɗora haɓarsa a jikin jitar don ya ji rawar igiyoyin a ƙashinsa, ya rera har maƙogwaro ya bushe. Ya tura, ya zauna jiran sara.

Malamar lissafi ce ta fara. A rubuce ta turo, ba da murya ba: "Ma sha Allah, an samu ci gaba sosai." Ɗan tasi ya jero hotunan tafi. Wasu da ba su cika magana ba duk suka fito, wannan ya ce ta taɓa masa zuciya, wancan ya ce Allah ya ƙara basira. Kafinta ya bi su ɗaya-ɗaya ya karanta. Ya ce bari dai Reza ya zo, shi ba ya wasa. Can sai ga Reza, shi ma a rubuce, gajere: "Ta yi kyau, Kafinta. Barka."

Ya daɗe yana kallon kalmomin. Ko mari aka kwaɗa masa a tsakiyar kasuwa bai kai wannan ciwo ba. Ya tashi ya sami matarsa tana ninke wanki a kan gado, ya miƙa mata wayar.

"Maman yara, wa ya gaya musu?"

Ba ta yi musu ba. Ta matso ta gefen hagunsa, yadda ta saba yanzu, ta ɗaga murya. Ta ce ita ce. Ta ɗauki lambar Reza a wayarsa yana wanka, ta kira shi, ta gaya masa abin da likita ya ce, ta roƙe shi don girman Allah su sassauta. "Ina ji ina gani suna yanka ka, kai ba ka ci ba ka sha. Mutum na ciwo ana bin sa da duka? Ni ban iya ba."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa ta inda zai kama. Matar nan ita ta bar masa sitonta, ita ke maimaita masa maganar baƙi ba tare da ta nuna tana yi ba. Da ƙauna ta yi, kuma da ƙaunar ta toshe masa kunnuwan da suka rage masa a duniya. An gudu gara an faɗa gidan zago. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kin kashe ni, Maman yara," ita kuma ta fashe da kuka a cikin rigar da take ninkewa.

Ya koma sito ya rubuta wa Reza shi kaɗai, ba a zaure ba. Ya ce, "Yaya Reza, ban zo neman sadaka ba. Kai ka kafa doka, kai ka karya. In kana ganin girmana ko kaɗan, ka faɗa mini gaskiyar waƙar nan kamar da."

Amsa ta jima ba ta zo ba. Da ta zo, layi biyu ne: "Ka yafe ni. Amma abin da ya same ta ba ya rubutuwa, sai na rera maka." Sai ga saƙon murya a ƙasa, dogo, irin na da, wanda ake ganin tsawonsa gaba ya faɗi.

Kafinta ya yi murmushi, karon farko a ranar. Ya rufe ƙofa, ya gyara katifar, ya ƙure ƙarar wayar ya danna ta a kunnen hagu har ta yi masa shaida a fata. Muryar Reza siririya ce, kuma irinta ce ta fara ɓace masa. Ya ji "baiti", ya ji wani abu kamar "amshi", sauran duk kamar ana magana a cikin bargo. Sai ya gane an zo wurin rerawa. Reza ya rera sau ɗaya, ya tsaya, ya sake rerawa. Ya san tsarin, na farko yadda ya yi ne, na biyu yadda ya kamata. Ya mayar baya ya saurara. Ya sake mayarwa. Ya sa abin ji, ya cire, ya danna wayar a ƙashin bayan kunne, ya danna ta a haƙori.

Duka biyun iri ɗaya ne. Ko bambancin ƙwayar zarra bai ji ba.

Ga gaskiyar da ya roƙa an kawo masa har cikin tafin hannu, ga shi ba shi da abin ɗauka. Ya zauna a sito har hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya ja baya, yara suka dawo daga wasa, ya ga inuwar ƙafafunsu na wucewa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, irin wanda bai ji ba ko a gaban likita.

Mutum ɗaya ce ta rage. Ya fito ya same ta a kicin tana wanke kofuna, idanunta a kumbure. Ya miƙa mata wayar.

"Ki saurara, ki gaya mini abin da ya ce. Duka, Maman yara. Kada ki rage ko ɗaya, don Allah."

Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta kara a kunne. Shi kuma ya kafa mata ido, don fuska kam har yanzu yana iya karanta ta. Ya ga ta ciji leɓe. Ya ga ta runtse ido a wurin da ya tabbata nan ne rerawar. Ya ga ta juya masa baya kaɗan, kafaɗunta sun ɗaga sun sauka. Saƙon ya yi ta tafiya, ruwa na zuba a famfo babu wanda ya rufe.

Da ya ƙare ta ajiye wayar a gefen kwanuka. Ta zagayo ta hagunsa, ta dafa kafaɗarsa, ta kai bakinta daidai kunnensa, ta ɗaga murya yadda zai ji sarai.

"Ya ce ta yi kyau."

Kafinta ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya rufe famfon, ya ce gobe in ta samu sarari ta mayar da robobinta sito.