Tulun Sulochana

Daren jiya mafarki ya kai ni ƙasar Indiya, ni da ko Zariya ba na zuwa sai da dalili. Na tsinci kaina a gindin wani dutse, ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. A ƙolin dutsen akwai haikali, wato ɗakin ibadar Hindu.

Wata tsohuwa mai suna Sulochana tana zaune a matakalar farko, tulu a gabanta. Ta ce kakanninta ne suka sassaƙa haikalin daga dutse guda. Daga rufi suka fara suka gangaro, uba ya mutu ɗa ya ɗauki guduma. Sarakuna sun zo sun wuce. Shekara ɗari tara ke nan, kullum wani daga gidansu yana kai ruwan kogi a zuba wa abin bautarsu kafin rana ta yi tsaka. Ba a taɓa fashi ba.

"Yau gwiwa ta ƙi, ɗan nan," in ji ta. "Kuma ni kaɗai na rage."

Ba addinina ba ne. Amma ban taɓa wuce tsohuwa da kaya ba, kuma ba a mafarki zan fara ba. Na ɗora tulun a ka, ta kama gefen rigata.

Sai ga mu a tsakiyar hawa, gaban wani bunsuru mai tabarau, yana zaune a teburi yana karɓar takalma. Duk wanda ya zo sai ya tambaye shi, "Ina gajiya?" Wani ƙato ya ce, "Kamar in mutu." Nan take matakala ta haifi ɗari a gabansa. Daidai ne. Mai raki ba ya rasa ƙarin hanya.

Bunsurun ya dube ni, wuyana kamar zai tsinke.

"Malam, ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ga gumi har gemu."

"Gumi daban. A garinmu ba a amsa gaisuwa da kuka."

Bunsurun ya buga wa kunnensa hatimi. Dutsen ya durƙusa kamar raƙumi, ƙofar haikalin ta sauko gabanmu, inuwata saura taki ɗaya ta shige ƙarƙashin ƙafata.

Na ce, "Iya, nan ce iyakata. Kowa da alƙiblarsa."

"Na sani. Sauke mini."

Ta rungumi tulun, ta kaɗa ƙararrawar bakin ƙofa, ta shiga. Na tsaya a waje ba takalmi har na ji saukar ruwa a kan dutse. Daga ciki ta ce, "Yau ma ba a yi fashi ba."

Ina shirin amsa mata, injin markaɗen maƙwabcina Tanimu ya tashi.